Mai Gyaran Baya, da Likita, da Maɗori

Ciwon baya ba baƙo ba ne a gidan kowa. Manomi ya san shi bayan ya wuni sunkuye da fartanya. Mace ta san shi bayan daka da ɗaukar ruwa. Tela da direba da akawu sun san shi sabo da yawan zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne su ke fama da ciwon kwankwaso a duniya, ta kuma ce shi ne kan gaba cikin cututtukan da ke nakasa mutane su hana su aiki. To, inda ciwo ya yi yawa, masu magani ma su kan yi yawa, kowa kuwa cewa ya ke nasa ya fi.

Akwai wata sana'ar magani da aka fara a Amurka, Turawa suna ce da ita kairofaraktik. Kalmar daga harshen Girka aka ɗauko ta, ma'anarta abin da a ke yi da hannu. Mai wannan sana'a ba ya ba da ƙwaya, ba ya yin allura, ba ya fiɗa. Kwantar da mutum ya ke yi bisa wani gado, ya danna masa baya ko ya murɗa masa wuya da sauri, sai ka ji ƙas! Da yawa cikinku sun ga hotunansu a waya, waɗanda ke zuwa ƙasashen waje kuwa wataƙila har an yi musu tayin zuwa wurinsu. A nan za mu riƙa kiran mai sana'ar da suna mai gyaran baya. Muna so mu auna aikinsa da na likita, da na mai gashin ƙashi na asibiti, da na maɗori wanda mu ka saba da shi, don kowa ya san inda ya kamata ya kai bayansa da kuɗinsa.

Yadda ƙashin baya ya ke

Wanda ya taɓa feɗe rago ya san ƙashin baya ba sanda guda ba ce. Ƙasusuwa ne ƙanana a jere, ɗaya bisa ɗaya. Na mutum 33 ne: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a kwankwaso, sauran 9 na ƙasa kuwa su kan manne da juna in mutum ya girma. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi a ciki, kamar gammo, shi ke hana su gugar juna. Ta tsakiyar ƙasusuwan akwai rami tun daga ƙeya har ƙasa, nan laka ta bi. Daga lakar nan jijiyoyi su ke fita biyu biyu, dama da hagu, har sau 31, su watsu cikin jiki. Su ne ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa, su komo da labarin zafi ko sanyi ko taɓi.

Ƙasusuwan nan a ɗaure su ke tam da igiyoyin nama masu ƙarfi ƙwarai. Ku riƙe wannan, don za mu komo gare shi.

Inda sana'ar ta fito

Wanda ya fara ta sunansa Daniel David Palmer. An haife shi a Kanada a 1845, ya ƙaura zuwa Amurka yana saurayi. Ba likita ba ne. Ya yi koyarwa, ya yi kiwon zuma, ya sayar da kayan masarufi, daga baya ya shiga yi wa mutane magani da shafa hannu a garin Davenport cikin jihar Iowa. A watan Satumba na 1895 ya danna bayan wani mai share ginin da ya ke aiki a ciki, sunansa Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai. Palmer ya ce ya taɓa wani ƙashi da ya goce, ya mai da shi wurinsa, sai kunnen mutumin ya buɗe bayan shekara 17.

Masu sanin jikin mutum ba su karɓi wannan labari ba, dalilinsu kuwa mai sauƙi ne. Jijiyar ji daga kunne ta ke shiga ƙwaƙwalwa, cikin ƙoƙon kai, ba ta bi ta gadon baya ko kaɗan. Amma Palmer ya gina koyarwarsa duka a kan abin nan. Ya ce akwai wani ƙarfi na rai da ke gudana cikin jijiyoyi, in ƙashi ya ɗan goce ya danne jijiya sai ƙarfin ya tsaya, cuta ta kama. A ganinsa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙashin baya su ke. Watau zazzaɓi, da ciwon ciki, da tari, da ciwon zuciya, duk maganinsu ɗaya, a danna baya.

Mu lura da zamanin. Tun 1882 Robert Koch na Jamus ya riga ya gano ƙwayar cutar da ke kawo tarin fuka, ya nuna ta a madubin likita. A shekarar nan ta 1895 kuma wani Bajamushe, Röntgen, ya gano hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ke nan a lokaci guda hanya ta rabu biyu. Likitoci su ka bi hanyar da ke cewa ko wace cuta da sanadinta, sai an nemo shi. Palmer ya bi hanyar da ke cewa sanadi ɗaya ne. Don haka ne ma shi da ɗansa su ka ƙi yarda da allurar riga-kafi, har yau kuwa a kan sami waɗansu cikin magadansu da wannan ra'ayi, ko da ya ke lamba ce ta kawar da agana daga duniya, aka yi shelar ƙarewarta a 1980.

Palmer ya buɗe makaranta a Davenport a 1897. Ɗansa, B. J. Palmer, shi ya karɓe ta ya bunƙasa ta, don ya fi uban iya talla nesa ba kusa ba. A 1906 aka ɗaure uban a kurkuku bisa laifin yin magani ba da izinin hukuma ba. Ya rasu a 1913, shekarar da jihar Kansas ta zama ta farko da ta yi dokar ba masu sana'ar lasisi. Ta ƙarshe ita ce Louisiana, sai a 1974.

Tsakanin nan an sha rigima. Ƙungiyar likitocin Amurka ta kafa kwamiti a 1963 don yaƙi da sana'ar, ta hana 'ya'yanta hulɗa da masu yinta. A 1976 wani mai gyaran baya, Chester Wilk, da waɗansu abokan sana'arsa su ka kai ƙungiyar ƙara. A 1987 kotun tarayya da ke Chicago ta ce ƙungiyar likitoci ta yi laifi, don ta haɗa baki ta toshe wa waɗansu hanyar cin abinci. Amma alƙaliyar ta faɗa a fili, ba ta yanke hukunci a kan ko koyarwar Palmer gaskiya ce ba. Wannan ba aikin kotu ba ne, aikin gwaji ne.

Yau sana'ar tana da lasisi a Amurka da Kanada da Ostareliya da ƙasashe da dama. Ingila ta yi mata doka a 1994. A Afirka ta Kudu ana koyar da ita a jami'a a Durban da Johannesburg. A Amurka ɗalibi ya kan yi wajen shekara 4 yana karatunta bayan ya yi karatun jami'a na fari. Ya kan koyi ginin jiki da karanta hoton ƙashi, in ya gama a kira shi dokta. Amma doktan gyaran baya ne, ba likitan asibiti ba. A galibin ƙasashe ba shi da izinin rubuta magani ko yin fiɗa, bai kuwa yi shekarun nan da likita ke yi a ɗakin marasa lafiya yana ganin masu sanƙarau da masu haihuwa da masu ciwon daji ba.

Su ma kansu ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu riƙe da maganar Palmer yadda ya bar ta. Akwai kuma waɗanda su ka ajiye ta, su ka tsaya ga ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, suna haɗawa da motsa jiki da tausa da shawara. A 2010 hukumar da ke kula da sana'ar a Ingila ta fito ta ce babu shaidar bincike da ta nuna gocewar nan da Palmer ya ke faɗi tana kawo cuta.

Mene ne ƙarar nan?

Mutane da yawa in sun ji ƙas sai su ce ƙashi ya koma wurinsa. Ba haka ba ne. Cikin ko wace gaɓa akwai ɗan ruwa mai yauƙi. In an ja gaɓar da sauri sai kumfar iska ta taso cikin ruwan, ita ce ke yin ƙara. Daidai ya ke da wanda ya ja yatsunsa su ka yi ƙara, yatsun kuwa da ma ba su goce ba. Shi ya sa in ka ja yatsa ya yi ƙara, ba zai sake yi ba sai bayan ɗan lokaci.

Mun ce ƙasusuwan baya a ɗaure su ke tam. Ƙashin baya ba ya gocewa don mutum ya kwanta a karkace. In ya goce da gaske, kamar ga wanda ya faɗo daga bishiya ko mota ta buge shi, wannan babban rauni ne, danna shi kuwa na iya tsinke laka. Abin da dannawar mai gyaran baya ke yi shi ne ta motsa gaɓar da ta sandare, ta saki naman da ya ɗaure, ta rage zafi na ɗan lokaci. Wannan amfani ne, ba mu raina shi ba. Amma dabam ya ke da mai da ƙashi wurinsa.

Yadda a ke auna magani

In mutum ya ce, "Na je, an danna ni, na warke," ba ƙarya ya ke yi ba. Sai dai akwai abin da bai lura da shi ba. Galibin sabon ciwon kwankwaso ya kan yi sauƙi ƙwarai cikin mako 6, ko an yi magani ko ba a yi ba. Mutum kuwa ba ya neman magani sai ranar da ciwo ya tsananta, daga nan kuma sauƙi ne ke biyowa. Sai wanda aka je wurinsa a ƙarshe ya sha yabo, ko likita ne, ko wanzami, ko mai gyaran baya.

Don haka masu bincike su ke da wata dabara. Su kan tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, su raba su da ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya wannan magani, kashi ɗaya wancan, sa'an nan a bi su a gani. Kamar manomi ne da ya raba gonarsa biyu, ya zuba taki a gefe ɗaya ya bar ɗaya, ruwan sama ɗaya, iri ɗaya. Ranar girbi babu gardama.

An yi irin wannan a birnin Seattle na Amurka, aka buga sakamakon a 1998. Mutum 321 ne masu ciwon kwankwaso. Kashi ɗaya aka tura su wurin mai gyaran baya, kashi ɗaya wurin mai gashin ƙashi ya koya musu motsa jiki, kashi na uku kuwa ɗan littafi kawai aka ba su mai bayanin ciwon baya. Aka bi su shekara 2. Tsakanin kashi biyun farko ba a ga wani bambanci ba. Sun ɗan fi masu littafi samun sauƙi a watan farko, amma kaɗan ne. Wajen kwanakin da aka rasa zuwa aiki, da komowar ciwo, duka ukun ɗaya su ke. Kuɗin da aka kashe a kan ko wane mutum kuwa, dala 429 ga masu zuwa gyaran baya, dala 437 ga masu gashi, dala 153 ga masu littafi.

Akwai wani abu cikin gwajin nan da ya kamata likitoci su yi tunani a kansa. Wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka taɓa jikinsu sun ce sun ji daɗin kulawar da aka yi musu ƙwarai, masu littafi kuwa ba su kai sulusi ba. Mutum yana son a saurare shi, a sa hannu inda ke masa ciwo, a yi masa bayani. Mu a ganinmu rabin farin jinin masu gyaran baya daga nan ya ke, haka kuma na maɗori. Wanda ya wuni a layi, likita ya rubuta masa ƙwaya bai ko ɗaga kai ya dube shi ba, ba abin mamaki ba ne in gobe ya nufi wani wuri.

A 2019 waɗansu masana su ka tattara gwaji 47 da aka yi a kan mutum 9,211 masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso. Abin da su ka samu bai saɓa wa na Seattle ba: danna baya yana taimako gwargwadon yadda motsa jiki da sauran hanyoyin da likitoci su ka yarda da su ke yi. Bai fi su ba, ba su kuwa fi shi da wani abin kirki ba. Don haka ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka a 2017 ta sa shi cikin abubuwan da a ke iya gwadawa kafin a kai ga ƙwaya, tare da gashi da tausa. Hukumar Ingila mai ba asibitoci shawara ta ce a 2016 ana iya yinsa, amma sai a haɗe da motsa jiki, ba shi kaɗai ba.

To, ina sauran cututtukan da Palmer ya yi alkawari? An gwada. A Kanada an ɗauki yara 91 masu asma, aka yi wa rabi dannawa ta gaske, rabi ta wasa wadda ba ta motsa gaɓa, har wata 4, dukansu kuwa suna shan maganinsu na likita. Aka buga a 1998, babu bambanci tsakaninsu. Babu kuma shaidar kirki cewa danna baya na maganin hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon kunnen yara. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ƙwayar cuta ce a cikin jini, ba ruwanta da ƙashin baya.

Likita fa?

Kada mai karatu ya zaci likita yana da wani sihiri game da ciwon baya. Cikin masu ciwon kwankwaso 10, wajen 9 ba a iya nuna takamaiman wurin da ya lalace, ko da an ɗauki hoto. Hoton ma ya kan ruɗar da mutum. A 1994 an ɗauki hoton cikin bayan mutum 98 waɗanda ba sa jin ciwon kome, sai aka ga fiye da rabinsu faifan guringuntsinsu ya ɗan bulluƙo waje. Ke nan in an nuna maka wani abu a hoto, ba lalle shi ne ke maka ciwo ba. Wannan gargaɗi ya hau kan likita, ya kuma hau kan mai gyaran baya da ke ɗaukar kowa hoto yana nuna masa karkata.

Ƙwayoyi ma an auna su da mudun nan. A Ostareliya an gwada farasitamol a kan mutum 1,652 masu sabon ciwon kwankwaso, aka buga a 2014. Masu shan maganin sun warke cikin wajen kwana 17, masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta kwana 16. Irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi kaɗan, amma in an daɗe ana sha su kan ci ciki su jawo gyambo, su kuma taɓa ƙoda. Masu ƙarfi irin su tramadol kuwa, kowa ya ga abin da su ka yi wa samari a garuruwanmu. Fiɗa tana da wurinta, amma ga mutane kaɗan: wanda faifai ya danne masa jijiya har ƙafa ta fara mutuwa, ko wanda ƙashi ya karye, ko ƙari ya fito.

Inda likita ya yi wa kowa nisa shi ne wajen gane ɗayan nan cikin goma. Yana iya auna jini da fitsari da majina. Ya san ciwon ƙoda da ke fitowa kamar ciwon baya, da ciwon mara na mata, da amosanin jini, da ciwon daji da ya yaɗu zuwa ƙashi. In ya gano, yana da maganin da zai bayar ko wurin da zai tura ka.

Mai gashin ƙashi na asibiti shi ne ya fi kusa da mai gyaran baya. Shi ma da hannu ya ke aiki, waɗansunsu ma sun koyi dannawar nan. Bambancinsu biyu ne. Na ɗaya, yana aiki cikin asibiti kafaɗa da kafaɗa da likita, yana kuma kula da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda aka cire wa filasta, da yaron da shan inna ya taɓa. Na biyu, ƙarfin aikinsa a kan koya maka abin da za ka yi da kanka ya ke, don ka daina zuwa. A ƙasarmu shi ne ya fi sauƙin samu, a manyan asibitoci da asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Akwai wata sana'a 'yar'uwar ta Palmer, ana ce da ita ostiyofati, wadda Andrew Taylor Still ya fara a 1874. Ita ma da gyaran ƙashi da hannu ta soma. Amma a Amurka magadanta sun karɓi ilmin ƙwayoyin cuta da magunguna da fiɗa, har yau su cikakkun likitoci ne a ko wace jiha. A Ingila kuwa aikin hannu su ka tsaya a kai.

Maɗori kuma aikinsa dabam ne, kada a haɗa su. Shi karaya da targaɗe da gocewar gaɓa ya ke gyarawa, watau ƙashin da ya bar wurinsa da gaske. Ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Mai gyaran baya ba ya ɗori. Maɗori na kusa, kuɗinsa da sauƙi, karaya mai sauƙi kuwa ta kan haɗe a hannunsa. Amma ba ya ganin cikin jiki, in kuma ɗauri ya yi tsanani jini ya kan tsaya, hannu ya kumbura ya yi baƙi, a ƙare da yankewa. Likitocin ƙashi sun sha ganin haka, yawanci ga yara. Karayar da ƙashi ya huda fata, da raunin wuya ko gadon baya, ba na maɗori ba ne, ba kuwa na mai gyaran baya ba.

Hatsarin da ke ciki

Dannawar kwankwaso ga mai lafiyar ƙashi ba ta cika yin ɓarna ba. Wajen rabin mutane su kan ji tsami ko gajiya kwana ɗaya ko biyu, ya wuce. Wuya ne abin tsoro. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya su kai jini bayan ƙwaƙwalwa. In aka murɗa wuya da ƙarfi, bangon ɗayarsu na iya tsagewa daga ciki, jini ya daskare, gudan ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, wani ma ya mutu. Abin ba ya faruwa da yawa, amma ya faru, ga matasa masu ƙarfi ma. Masana suna gardama a kan sau nawa murɗawar ce sanadi, don tsagewar kanta ta kan fara da ciwon wuya da ciwon kai, mai yiwuwa mutum ya zo da ita ne tun daga gida. Ko wanne ne, murɗa irin wannan wuya ba alheri ba ne. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a riƙa gaya wa mutum wannan hatsari kafin a taɓa wuyansa. Tun da motsa jiki da tausa a hankali suna taimakon ciwon wuya kusan daidai da murɗawa, mu ba mu ga dalilin da zai sa mutum ya miƙa wuyansa ba.

Jarirai kuwa a bar su. Ƙashinsu bai ƙosa ba, babu kuma shaidar kirki cewa dannawa na hana su kuka ko ciwon ciki. A Ostareliya hukumar sana'ar da kanta ta hana danna bayan yaron da bai kai shekara 2 ba a 2019, ta sake maido da hanin a 2024.

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai ciwon bayan da alama ce ta wani abu, wanda bai kamata kowa ya danna shi ba sai likita ya gani. Babba a ƙasashenmu shi ne tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar tarin ta kan bar huhu ta sauka a ƙashi, ta ci shi a hankali har ya rufta, doro ya fito, ƙafafu su mutu. Alamarsa ciwon da ba ya sauƙi ko an kwanta, da rama, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, ko da mutum ba ya tari. Maganinsa ƙwayoyi ne na wata 6 ko fiye, a Nijeriya kuwa kyauta a ke ba da su a asibitocin da aka keɓe. Danna irin wannan baya kamar taka rufin da gara ta cinye ne.

Haka kuma wuyan da ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman da bazara, a ɗauka sanƙarau ne, a tafi asibiti nan take. Wanda fitsari ya ƙi fita, ko ya ke zubowa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta fara ja, wannan ba ya jiran gobe, don jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne, in an yi jinkiri ba sa komowa. Tsofaffi masu ƙashi mara ƙwari, da masu amosanin jini, da wanda ya taɓa ciwon daji, da mai shan maganin tsinka jini, su ma su fara da likita. Wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a ja shi. A ɗauke shi a miƙe bisa ƙyaure ko katako, wani ya riƙe kansa kada ya juya.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ciwon kwankwaso ne irin na kullum, to abin da aka fi tabbatarwa shi ne kada a kwanta. A dā likitoci su kan ce a yi mako a gado, gwaji ya nuna kwanciya na ƙara daɗewar ciwo. A ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka gwargwadon iko, a gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, a rage ɗaukar kaya mai nauyi na 'yan kwanaki. In mako 4 zuwa 6 ya wuce babu sauƙi, a je asibiti.

Wanda kuma ya sami kansa inda akwai mai gyaran baya, ya ga yana so ya gwada, ya tambayi takardar lasisinsa tukuna. Ya lura ko ya yi masa tambayoyin nan na zazzaɓi da rama da fitsari kafin ya taɓa shi. Ya tambaye shi zuwa nawa za a yi. Na kirki zai ce a gwada 'yan makonni, in ba a ga sauƙi ba a koma wurin likita, zai kuma koya maka motsin da za ka yi a gida. Wanda ya ce ka biya kuɗin zuwa 40 tun yau, ko ka riƙa zuwa duk wata har abada don kada cuta ta kama ka, ko ka kawo jaririnka, ko ka ajiye maganin hawan jininka, ka ɗauki hularka ka fita.